Lantana da Sunan Dominic

Lantana 'yar Orozo ce, 'yar manomin doya, kuma ita kaɗai ce a gidansu ta rantse ba za ta tsufa da ƙwaryar doya a kafaɗa ba. Ta koyi buga takardu a wani shagon kwamfuta a Karshi, ta yi yawon neman aiki har takalminta ya cinye, kafin Allah ya haɗa ta da Oga Hassan, mai ɗan kamfanin jigilar kaya a bayan tashar Jabi.

Lokacin ofis ɗin ɗaki biyu ne kacal, sai wata babbar kwamfuta a ƙurya da suke kira saba, inda duk takardun kamfanin suke. Manhajar cikinta ba a shiganta haka nan, kowane ma'aikaci sai an saya masa lasisi da sunansa. Oga Hassan kuwa hannun jarirai ne da shi.

"Dominic ya bar aiki, sunansa na nan a banza," ya ce mata ranar farko. "Ki shiga da shi tukuna, ƙarshen wata zan saya miki naki."

Watan nan bai taɓa ƙarewa ba.

Kamfani ya yi ta bunƙasa. Motoci suka ƙaru, aka fasa bango aka faɗaɗa ofis, aka ɗauko masu digiri, kowa ya zo a saya masa lasisinsa, don su ba a wasa da sunansu. Lantana dai tana nan a Dominic. Ita ce mai sammako ta sha cunkoson Nyanya, ita ce mai shigar da takardar kowace tirela. Direbobi har tsokanarta suke yi: "Madam Dominic, ina kwana?" Takan yi dariya, amma abin yana ci mata tuwo a ƙwarya. In ta tuna wa oga sai ya ce, "Haba Lantana, suna za ki ci?" Sai ta koma bakin aikinta, domin da albashin nan take riƙe 'ya'yanta da tsohuwarta.

Ana nan sai wani babban kamfani ya ce zai ba su kwangila, amma sai an tantance lasisinsu: suna ɗaya, mutum ɗaya, in an kama aron suna magana ta mutu. Suka turo mai bincike, wata Hajiya Lubna, ba tare da sanarwa ba. Ta duba saba, ta ɗago kai.

"Dominic ɗin nan ya fi kowa aiki. Yana ina?"

"Yana Lugbe wajen lodi, Hajiya," in ji Oga Hassan, ko ƙifta ido bai yi ba.

"Wannan fa?" Ta nuna Lantana, wadda ke zaune gaban kwamfuta.

"Wannan? Cleaner ce, tebur take gogewa. Lantana, kawo ma Hajiya ruwa."

Lantana ta dubi Hajiya Lubna. Kalma ɗaya za ta faɗa asiri ya tonu, amma da kwangilar da aikinta tare za su nutse. Ta miƙe, ta kawo ruwan, har da ɗan rusunawa.

Kwangila ta samu. Lantana ta bari murna ta lafa, ta same shi a ofis.

"Oga, yanzu dai a saya mini nawa."

Bai iya kallonta ba. "Hajiya ta ce za ta riƙa leƙowa. In ta ga sunanki a saba, na zama maƙaryaci ke nan. Ki riƙe shara for now, ai a haka ta san ki."

Kaico! Ko kunya ba ta kashe shi ba. Aka goge Dominic, aka ɗauki wani Meshach a kujerarta, da lasisinsa sabo fil. Ita kuma ta karɓi tsintsiya, don yunwa ba ta san zuciya ba.

Har yau tana can. Rannan tana goge ƙura a ƙurya, Meshach ya ɗaga murya daga kujerarsa: "Mama, kar ki taɓa sabar nan, ba ki san kanta ba."

Lantana ta janye tsummanta, ta ce, "To."