Farar Fitilar Alhaji Sale Gyartai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaye a layin rabon dawa, sojoji biyu suna gadin buhuna, sai wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ya taso daga Kurni ya dafa kafaɗata ya ce, "Mushe, Alhaji Sale ya cika da hantsi." Mushe dai haka ake kiran mu 'yan boko a nan. Na ce masa to. Na karɓi tiyata, na sa hannu a takarda, na koma gida. Har yau da aka yi sadakar bakwai idona bai kawo ƙwalla ba.

Marigayin gyartai ne ɗan gyartai, ɗinkin ƙwarya ya gada. Ya tafi Makka ta ƙasa, guzuri ya yanke masa a bakin Bahar Maliya, ya shekara da yawa yana yi wa masunta aiki. Mu a Matameye iyakar saninmu da murjani wuyan amare. Shi kuwa ya gan shi da ransa a ƙarƙashin ruwa, da rassa kamar kurmi, ja da ruwan ɗorawa, kifaye suna shiga suna fita. Shekarar da zai taso ruwan ya yi zafi, kurmin nan ya koma fari fat.

"Mushe," yakan ce mini, "a tsaye yake mutuwa. Ba ya faɗuwa, ba ya wari, launi kawai yake saki."

Da ya dawo ya tarar damina ta ƙi, ƙasusuwan shanu zube a hanyar Dawce, sai ya koma yin rufin fitila. Yakan sami babban duma, ya huda shi da basilla ƙofa bayan ƙofa, ya shafe shi da farar ƙasa, ya kifa a kan fitilar ƙwai. Idan aka kunna, rassan murjani su bazu a bango har rufin ɗaki. Mutanen garinmu, da zurfin nazarin da aka san su da shi, suka yanke hukunci cewa ba mai kai wa iyalinsa likkafani ɗaki. Bai yi gardama ba. Ya zaɓi wadda ta fi kyau ya kawo mini, wai ni mai karatu ne, zan gane.

Ana gobe sunan ɗiyata, mai ɗakina Rakiya ta dafa karan dafi ta rina fitilar ja jawur, yadda mata suke rina faifai. Ta ce, "Malam, tsohon nan ya manta da rini, na ƙarasa masa." Ni kuma, ma'abucin alƙalami, na yaba mata.

Alhaji ya zo suna, ya gan ta a zaure. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mushe, ka rayar da murjanin ke nan?"

Na gyara babbar riga na ce, "Alhaji, ai mu nan ba ma barin mara lafiya ba magani." Zaure ya ɗauki dariya.

Ya ce, "Madalla. Da na san haka ake yi, da na kai wa shanun Dawce karan dafi." Ya sa takalmansa ya fita, ko goro bai ɗauka ba. Ba a jima ba ya koma Kurni wurin ɗiyarsa.

Na ƙudura ba shi haƙuri. To amma ni ba na ba da haƙuri da ka, sai na zauna tsara wasiƙa mai gabatarwa da sassa. Sau uku ina sake ta. Kurni kuwa tafiyar yini ɗaya ce ko a ƙafa.

Ranar ta'aziyya na tambayi matarsa, Hajiya Kande, ko ya bar mini magana. Ta ce, "Bai ambaci kowa ba, Mushe. Kwana uku yana huda wani duma, bai gama ba."

Allah Ya gafarta wa Alhaji Sale, Ya yi masa rahama, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Hajiya Kande da 'ya'yanta haƙuri, Ya rufa musu asiri a wannan shekara mai wuya. Allah Ya shayar da ƙasarmu. Ni kuma, Ya Ubangiji, Ka sa ya yafe mini. Amin.