Maƙalu Ukun da Babu Su

A sashensu kowa Jan Biro yake ce masa, har shugaban sashen. Sunan ya samo asali tun yana ƙaramin malami, don idan ɗalibi ya ba shi takarda sai ta dawo jajur kamar an yanka kaza a kanta. Ɗan tela ne, kuma ya gaji idon mahaifinsa: abin da ya karkace ba ya wuce shi. Fanninsa ingancin ruwan sha. Ofishinsa na ƙarshen baranda, kusa da ɗakin gwaji, da fanka mai kuka da kujerar baƙi wadda takardu suka daɗe da ƙwacewa.

Saboda wannan ido nasa mujallun bincike suka riƙa turo masa maƙalu ya tantance kafin a buga. Aiki ne na kyauta, kuma a ɓoye ake yi: bai san mai maƙala ba, mai maƙala bai san shi ba. Yana alfahari da shi. Matarsa takan ce, "Kai dai Baban yara, ko wasiƙar gayyatar biki aka kawo sai ka nemo mata kuskure."

A shekarar da mahaifinsa ya samu shanyewar ɓarin jiki, rayuwarsa ta rabu tsakanin aji da asibiti. Shi ne babba, shi ke juya tsohon, shi ke bin likitoci. Ana cikin haka wata mujalla ta turo masa maƙala kan rijiyoyin da ke kusa da juji. Ya karɓa, don bai iya cewa a'a ba. Edita ya yi ta tuni har ya fara jin kunyar buɗe saƙonninsa.

Wata rana da hantsi, yana zaune a bencin asibiti yana jiran a gama yi wa mahaifinsa gashin ƙashi, ya tuna manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da yaran sashen ke ta zuzutawa. Ya zuba mata maƙalar, ya ce ta rubuta rahoton tantancewa. Kafin ya gyara zama ta gama. Rahoton ya yi kyau a ido, ya ce aikin bai cika ba, kuma dole marubucin ya karanta wasu maƙalu uku ya kwatanta da nasa. Aka kira shi ya zo ya kama tsohon. Ya tura rahoton yana tafe.

Watanni suka wuce, mahaifin ya fara takawa da sanda. Sai aka gayyaci Jan Biro taron ƙara wa juna sani na ƙananan malamai, ya yi magana kan amanar tantance bincike. Zauren ya cika da gardama. Wasu na cewa manhajar taimako ce ga wanda aiki ya yi wa yawa, wasu na cewa mujallu su hana ta gaba ɗaya. Shi kuwa ya yi jawabi mai daɗi, aka tafa.

Lokacin shan shayi wata malama daga kwalejin kiwon lafiya ta matso, goye da jariri, ta rusuna ta gaishe shi.

"Malam, don Allah taimako nake nema. An ce babu wanda ya kai ka sanin fannin ruwa."

"Allah ya sa zan iya, Malama."

"Na tura maƙala kan rijiyoyin unguwannin juji, mai tantancewa ya ce sai na karanta wasu guda uku. Na duba intanet, na je laburare, har na rubuta wa wani farfesa da aka ce shi ya rubuta ɗaya. Ya ce shi bai taɓa yin wannan aikin ba." Ta yi 'yar dariya. "Maigidana ya ce ko aljanu ne suka buga su."

Ta miƙa masa wayarta. Ya karanta layin farko, ya gane rahoton da ya tura ne.

"Abin bai shafi ƙarin girmanki ba dai?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ai an rufe na bana, Malam. Wannan maƙalar kaɗai ta rage min in cika sharaɗi. Ni abin da ya fi damuna, na ɗauka ni ce ban iya nema ba."

Ya ce zai duba. Ta yi ta godiya har da addu'a ga iyayensa.

A gida ya kasa cin abinci. Matarsa ta tsare shi har ya faɗa mata cewa da manhaja ya rubuta rahoton, kuma ita ta ƙago maƙalun ukun. Ta ce, "To ka karanta aikin nata mana. Ko har yanzu ba ka karanta ba?"

Bai karanta ba. Washegari ya rufe ofis ya karanta daga farko har ƙarshe. Malamar ta bi rijiyoyin, damina da rani, ta auna yadda ya kamata. Gyaran da aikin ke buƙata bai wuce na yini guda ba.

Ya kira edita ya gaya masa komai. Editan ya ja numfashi ya ce ba shi ne na farko ba, hukumar mujallar ma tana kan muhawarar dokar da za ta kafa. Ya ce za a ba wani ya sake dubawa, kuma za a cire sunan Jan Biro daga masu tantance musu. Ya ƙara da cewa ba sai marubuciyar ta san ko wane ne ba.

Amma ya je kwalejin da kansa. Ya same ta a ofishin da suke rabawa su da yawa, ya roƙe ta su fito baranda. A tsaye ya faɗa mata komai, har da jinyar mahaifinsa. Ta gyara goyonta, ta kalli ƙasa.

"Malam, da ka ce musu ba ka da lokaci, ai da sun ba wani."

"Gaskiya ne."

"Allah ya ba Baba lafiya," ta ce, ta koma ciki.

Maƙalar ta fito a shekarar da ta biyo baya, ita ma ta samu ƙarin girmanta a makare. Jan Biro yana nan yana koyarwa, kuma idan aka gayyace shi jawabi kan tantancewa yakan ba da uzuri. Sukan haɗu da Malamar a tarurruka. Takan gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali, ta wuce wajen abokan aikinta.