Wanda Alhaji Bai Ambata Ba

Na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis, wadda muke kira suwic, ba ta da kara ko kaɗan. Dokoki ake rubuta mata daga sama zuwa ƙasa, wane ya wuce, wane ya tsaya. Duk wanda ba a ambata ba, rufe masa ƙofa take yi. Ni ma sana'ar ta ɓata ni, kowa na gani sai na ɗauka da wata a ƙasa.

Wani Alhaji mai injin casar shinkafa a Kura ya kira ni, wai kowane ɗan dako da wayarsa yana leƙa kyamarorin sito. Na zauna da kwamfutata cikin ƙurar ɓuntu, na ce ya faɗa mini waɗanda ya yarda su gani. Ya ce manaja, mai sikeli, mai gadi, da shi kansa. Bai ƙara kowa ba. Na ɗan jira, domin babban ɗansa ne ke riƙe da makullin siton, ga shi can ma yana sa ido ana sauke shinkafa shanshera. Alhaji ya gyara hula ya tafi masallaci.

A raina na ce lallai buhuna na yin ƙafa a gidan nan. Na rubuta abin da aka faɗa mini, na kama hanya.

Ba a jima ba ɗan ya tare ni a bakin kanal ɗin ban ruwa, yana son sanin wanda ya sa aka toshe shi. Na ce ni ɗan aike ne. Daga nan zargi ya cika injin. Shi yana zargin manaja, manaja na kallonsa a kaikaice, har mai sikeli ya daina yi masa wasa. Sai ji na yi ya ajiye makulli ya koma gonar tumatirinsa a Kadawa. Abin ya tsaya mini a rai, na koma na tambayi Alhaji kai tsaye.

Ya kau da kai.

"Yaron nan? Shi ma sai an faɗa?"

Sai a lokacin na tuna ɗan fari ne. Dattijon bai taɓa kama sunansa ba tun ranar suna, ba kuwa a gaban baƙo zai fara ba. Na ƙara layi guda a saman dokokin, na buga wa ɗan nasa waya da murnata.

Ya saurare ni har na gama.

"Na san kunya ce, Malam. Amma ai ya ji an toshe ni. Bai ce a buɗe ba sai da ka tambaya."

Ni ma tunanin ya zo mini. Suwic tana ƙirga duk abin da ya bi ta kowace doka. In na je gyara nakan duba layinsa, har yanzu ba abin da ya bi ta kai.