Talibambam a Sabuwar Rijiya

Shekarun baya can, lokacin da mutane ke ta kokawar sabawa da naira da kwabo, ni ne mai karanta sanarwa a wani ofishin ayyuka a Birnin Gwari. Duk wata sai a miƙo mini takarda mai ɗauke da ayyukan da aka yi, da waɗanda aka sa a kasafi, da ma'aikatan da aka ɗauka ko aka sallama. In ɗaure lasifika a bayan keke, in bi kasuwanni ina karanta wa jama'a. Saurayi ne ni a lokacin, ga farar riga, ga biro biyu a aljihu ko da yake ɗaya ba ya rubutu. Gani nake ko tari na yi sanarwa ce.

Ƙauyenmu yana wajen Damari, a bakin daji. Ruwan shanmu kududdufi ne, mu sha, shanu su sha. Duk shekara da an fara shirin noma sai kurkunu ya kwantar da rabin gari. Mahaifiyata sau uku yana fito mata a ƙafa, har ta rasu tana ɗingishi. Don haka ranar da na karanta cewa an sa rijiyar ƙauyenmu a kasafi, da ƙyar na iya hawa keke saboda alfahari, sai ka ce daga aljihuna za a haƙa.

Wanda aka ba aikin shi ne shugaban masu haƙa rijiya na ofishinmu, wani dattijo mutumin Gbagyi daga Gayam, abokin mahaifina ne tun suna samari. Baba muke ce masa. Kirista ne, amma in azumi ya zo shi ke tura leburorinsa inuwa ya shiga rami da kansa. Da ya zo ya zaga garin, sai ya nuna gindin wani baure a gangaren fadama, ya ce nan ruwa yake. Shugaban sashenmu ya ce atafau, a bakin hanya za a haƙa, inda duk motar da ta wuce za ta gani.

Baba ya ce, “Ranka ya daɗe, nan dutse ne a ƙasa.”

Shugaban ya ce, “Kai ka leƙa ƙasan ka gani? Ka yi abin da aka sa ka.”

Baba ya yi abin da aka sa shi. Aka yi wata biyu ana haƙa, aka zuba siminti, aka yi baki mai kyau. A gaba goma sha biyu diga ta fara tartsatsi. Dutse shimfiɗe, ko danshi babu. Baba ya je ofis ya faɗa. Ashe tuni shugaban namu ya aika rahoto Kaduna cewa an kammala, har an sa ranar da wani babban baƙo zai zo buɗewa.

Ni duk ban san wannan ba, Allah shi ne shaidata. Takarda aka ba ni, takarda kuma ta ce an kammala. Na bi kasuwanni uku ina rangaɗa wa mutane albishir.

Ranar buɗewa ta faɗo a bazara, an yi ruwa biyu ko uku, kududdufi ya ɗan kawo. Da sassafe, kafin in iso, aka turo babbar mota da durom-durom, aka ce wa mutane za a yayyafa wa hanya ruwa ne saboda baƙo. Aka ɗebo daga kududdufi, aka kare bakin rijiya da zana, aka juye a ciki. An ce Baba da ya ga haka sai ya ɗauki hularsa ya koma gefe ya zauna, ya ce shi hannunsa ba ya ciki.

Baƙo ya iso da hantsi. Na riƙe lasifika na zuba jawabi, har da cewa daga yau kurkunu ya yi ƙaura daga garin nan. Aka tafa. Sai aka ce a samu dattijuwa ta ja guga na farko, kuma saboda ni ɗan gari ne, shugabanmu ya ce a kira mahaifiyata. Ta taho tana ɗingishi, ta zura guga, ta jawo, ta juye a ƙwarya. Sai ta tsaya tana kallon ruwan. Ta daɗe tana kallo.

Na matsa na ce a hankali, “Inna, ki sha mana, ana jira.”

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, “Kai ɗan nan, ni za ka gwada wa ruwan nan? Shekara talatin ina shan sa. Na kududdufinmu ne.”

Na manta lasifika a kunne take, kuma a daidai bakinta na riƙe. Kowa ya ji. Ta miƙa wa baƙo ƙwaryar da hannu biyu cikin ladabi, ta ce, “Ranka ya daɗe, duba ka gani. Rijiyar jiya-jiya har ta haifi 'ya'yan kwaɗi.”

Talibambam ne, baƙaƙe, sun fi goma, suna ta kaɗa wutsiya a ƙwarya hankalinsu kwance. Duk matar ƙauye ta san in ka ɗebi ruwan kududdufi a bazara sai ka tace da ƙyalle. Mutanen ofis ne kaɗai za su cika durom shida ba wanda ya leƙa ciki.

Mata suka fara dariya a cikin mayafi, daga nan ta game wuri. Baƙo bai yi dariya ba. Ya juya ya dubi shugabanmu. Shi kuwa ko gezau bai yi ba, ya ɗaga hannu ya nuna Baba, ya ce, “Yallaɓai, wancan tsohon ne ya yaudare mu. Shi ya ce mana ya kai idon ruwa.”

Har yau in na tuna yatsan nan sai in ji zuciyata na tafasa. Mutumin da ya faɗa tun ranar farko, wanda ya taka har ofis ya sake faɗa, shi aka nuna. Kuma duk leburorin da ke wurin sun sani, direba ya sani, amma kowa yana da bakin da yake ciyarwa, sai aka sunkuyar da kai.

Bayan mako biyu takardar wata ta fito. A sashen ma'aikata, layi na ƙarshe, an rubuta an sallami shugaban masu haƙa rijiya saboda ha'inci. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Kuma kasuwar da zan fara karantawa ita ce tamu.

Zan so in ce muku na yaga takardar. Ban yaga ba. Na karanta gyaran kwalbati, na karanta ɗaukar malaman asibiti, da na zo layin ƙarshe sai na sauke lasifika na tauna maganar a baki yadda ko ni ban ji sosai ba. Ashe Baba yana tsaye kusa da rumfar masu doya. Ya tako har gabana, ya ce, “Ɗana, ɗaga murya. Na baya ba su ji ba. Aikinka ne, kada su kore ka kai ma.”

Na ɗaga murya na karanta. Ya tsaya ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya tafi. Ranar mahaifiyata ta ajiye mini tuwo ba ta ce mini ko sannu ba.

Da rani ya zagayo, mutanen gari suka aika Gayam aka roƙi Baba. Ya zo da digarsa da igiyarsa, ya ce ba ya son ko kwabo, a dai ciyar da masu aiki. Aka yi gayya, Musulmi da Kirista, a gindin bauren nan da ya nuna tun farko. A gaba bakwai ruwa ya ɓullo, fari tas.

To ku ji ƙarfin hali. Da wata ya zagayo aka miƙo mini takarda, na duba, sai ga shi a jerin ayyukan ofishinmu: an kammala rijiyar ƙauyenmu, jama'a na shan ruwa. Ofishin da ko buhun siminti ɗaya bai bayar ba! Na shiga wurin shugabanmu na ce, “Ranka ya daɗe, wannan ai ba tamu ba ce.” Ya ce, “Rijiya aka ce a yi a garin, akwai rijiya ko babu? Je ka karanta.”

Na je na karanta, amma da nawa ƙarin. Na buɗe lasifika har ƙarshe na ce rijiyar hukuma tana nan bakin hanya, ƙadangaru na kwana a ciki, wadda kuke sha kuwa ku kuka haƙa, kuma wanda aka kora saboda ha'inci shi ya nuna muku ido. Kasuwa ta ɗauki sowa. Kafin mako ya zagayo an karɓe lasifikar, an mai da ni sito ina gadin tsofaffin tayoyi. Can na yi shekara huɗu, biro biyun duk suka bushe.

Kada wani ya ce na yi jarunta. Na yi magana ne bayan ta daina amfani. Baba bai koma aiki ba, bai samu fansho ba, noman doya ya ƙarasa rayuwarsa da shi. Ranar da magana za ta iya tsare masa mutunci, ni ne na ɗaga murya na kira shi maha'inci a gaban mutanen da suka san shi. Wannan ne ban yafe wa shugaban nan ba, kuma ban gama yafe wa kaina ba.

Shi ya sa jikokina ke mini dariya in muna sauraren rediyo. Da an ce an kammala aiki kaza a ƙaramar hukuma kaza, sai su riga ni faɗa: “Kaka, an leƙa ƙwaryar kuwa?” Rijiyar gindin baure tana nan har yanzu, ba ta taɓa ƙafewa ba. Babu allo a jikinta, babu sunan kowa, amma ko yaro ka tambaya a garin zai ce maka rijiyar Baba ce.