Gauraki Takwas a Bayan Gidana

Gauraki takwas gare ni a lokacin, maza huɗu, mata huɗu, a wani fili da na kewaye da waya bayan gidana a Gwagwalada. Mazan za su iya tashi. Matan ba za su sake tashi ba har abada, kuma ni na yi musu haka da hannuna.

Da zabi da agwagi na fara, a bakin tashar Jabi. Daga baya na gane masu manyan gidaje ba nama suke nema ba. So suke baƙo ya shigo ya ga dogon tsuntsu mai tukku ruwan zinariya yana taku a kan ciyawa. Matsalar gauraka ɗaya ce, tashi yake yi. Wasu masu sayarwa aske gashin fiffike suke yi da almakashi, bayan watanni ya tsiro, tsuntsu ya tafi, oga ya bugo waya ya kira ka ɓarawo. Wasu kuma su datse gaɓar ƙarshe ta fiffiken kowanne, sai tsuntsun ya karkace idan ya buɗe, ba kyan gani.

Ni sai na lura da abin da ba su lura da shi ba. Gauraka ba ya barin matarsa. Idan ka datse wa macen kaɗai, namijin zai tashi, ya zaga unguwa, ya dawo ya sauka kusa da ita. Ga shi da cikakken fiffike, yana rawarsa, babu igiya, babu keji. Da wannan dabara na gina gidan da nake ciki, kuma babu wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi.

Wata safiya da kaka, wata likitar dabbobi ta zo tare da jami'in gwamnati. Tana aiki da masu kare tsuntsaye. Jami'in ya ce ko in miƙa su, ko mu haɗu a kotu. Ban yi gardama ba, na san dokar tun kafin ya kama aiki. Likitar ta ce na daji sun kusa ƙarewa. Za su kai nawa wata fadama can arewa, inda ragowar suke sauka da rani, a sake su ko za su bi garke idan lokacin ƙaura ya yi.

Ta shiga filin tana buɗe fukafukansu ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai kan mace ta uku, sai ta ɗago.

"Alhaji, wane mahauci ne ya yi wannan aikin?"

"Gabanki yake, Likita. Kuma ko ɗaya ba ta mutu a hannuna ba. Ku a asibiti za ku iya faɗin haka?"

Ba ta yi dariya ba. "Me ya sa matan kawai?"

Na gaya mata. Ta daɗe riƙe da guntun fiffiken tana kallonsa.

"To ai sai mu ɗauki duka takwas ɗin," in ji ta.

"Kin yi asarar man mota ke nan. Muddin namijin yana jin muryarta, babu garken da zai bi. Idan tashi kike so su yi, raba su za ki yi, kuma da nisa."

"Matan fa?"

"Ki bar mini su. Dawar da za su ci ba ta gagare ni ba."

Shawarata ce, ba tata ba. Ina faɗin haka don kada a ɗora mata. Ni na kama mazan, na naɗe kowanne a buhu, kai a waje, na jera su a bayan mota. Motar tana fita, matan suka bi jikin waya a guje, suna bugun fiffike ɗaya da rabi, suna faɗuwa ta gefe.

Kukan gauraka ba ƙarami ba ne. Kowace safiya suka riƙa yi, wuya a miƙe, su tsaya kamar masu jiran amsa, su sake. Maƙwabta suka yi magana. Na zuba dawa, na sayo fara, na canza ruwa sau biyu a yini. Ta farko ta daina ci a mako na biyu. Ta biyu ta yi ta dukan waya har ƙirjinta ya tsage. Ta uku ban san abin da ya same ta ba, a kwance na tarar da ita, ta bi sauran biyun.

Likitar ba ta ɓoye mini komai ba, duk lokacin da na kira tana ɗauka. Namiji ɗaya karnuka suka kama, domin ya saba da mutane, bai san gudu ba. Ɗaya ya tashi tun ranar farko ya yi kudu shi kaɗai, ba a sake ganinsa ba. Ɗaya yana nan bakin fadamar, yana bin mata masu sussuka yana tsintar hatsi. Na huɗun, wanda ta sa wa jan zobe a ƙafa, an ga ya tashi da garke.

Na bar sana'ar tsuntsu, yanzu tukwanen fure na Ushafa nake kai wa gidajen nan dai. Cikin takwas, huɗu sun mutu, ɗaya ya ɓata, ɗaya ya zama kazar ƙauye, ɗaya ya yi ƙaura. Ta takwas tana bayan gidana, tana cin dawa. Ban san ko mijinta ne mai jan zoben ba, don ban kula ba ranar da nake sa su a buhu.