Gwangwanin Inna Yalwa

A unguwarsu a Kiru, duk wadda ɗanta ya fara haƙori gidan Inna Yalwa take nufa. Kiwon kaji ne sana'arta, kuma tun tana da ƙarfinta take ajiye kafso mai ja da rawaya a wani tsohon gwangwanin madara. Kaza ta yi laushi, sai ta ɓare ɗaya a ruwan shanta. Dasashin yaro ya fara ƙaiƙayi, sai ta zazzaga rabi a koko, wai a tare zawo tun bai iso ba. Haka ta raini 'ya'yanta, haka ta raini jikarta Ramla.

Bara wasu ma'aikatan lafiya suka bi gida-gida suna karɓar kashin yara masu lafiya a 'yan kwalabe. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Taki ne ya yi muku wuya a birni?"

Da suka dawo, wata a cikinsu mai suna Hamdiyya ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta ce, "Inna, Ramla lafiyarta ƙalau. Sai dai ƙwayoyin da ke hanjinta sun saba da magani, ba sa jin sa. Yawan shan kafso ke jawo haka, kuma kashin kajin da ake ba shi ma yana yaɗa su. Ranar da ciwon gaske ya zo, kafso zai iya shiga ya fita bai yi komai ba."

"Yarinyar da ke hawa katanga?"

"Ita fa, Inna."

Tun daga ranar zama ya gagari tsohuwa. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta leƙa zaure ta dawo. Ramla na gilmawa sai ta cafko ta ta taɓa goshinta.

"Kai, Inna, kin fi sauro naci!"

"Tafi can, mai ƙafar zabo."

Wata hantsi surukarta Fa'iza ta shigo da Hafizu, ƙanen Ramla, yana ta kuka yana dalalar da miyau.

"Inna, haƙori ne. A ɓare masa rabi."

Inna ta ɗauko gwangwanin, ta girgiza shi, ta daɗe tana sauraren ƙararsa. Sai ta ɗora shi can saman katanga. Ta wanke yatsarta da sabulu, ta shiga murza wa yaron dasashi a hankali.

"Yau dai yatsa zai sha. In jikinsa ya yi zafi, asibiti za mu."

"Kajin fa, Inna?"

Inna ta waiwaya. Idonta na bakin akurki, inda Ramla ke zaune a ƙasa tana cin gyaɗa.