Magajiyar Innar Gareji

Innar Gareji ake ce mata, domin a garejin mijinta ta fara. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, ita kuwa ta sa mai walda ya kafa mata bututun ƙarfe biyu a inda mota ke kwana, ta riƙa koya masa tafiya kamar jariri. Ya miƙe, ya ƙara 'yan shekaru, Allah ya yi masa rasuwa. Amma maƙwabta sun riga sun gani, suka yi ta kawo nasu. Gareji ya zama ƙungiya mai kwamiti da ma'aikata, ga kekunan marasa lafiya jere a baranda.

Da gwiwoyinta suka gaza, ta ce a nemo shugaba. Kwamiti bai wahalar da kansa ba: ga autanta nan, mai haƙuri, shi ke kai marasa lafiya gida a motar ƙungiya.

"Ɗanki ne, Inna," in ji tsohon hedimasta, shugaban kwamitin. "Wa zai ja?"

"Abin da ke damuna ke nan, Malam. Yaron nan tun da na haife shi bai taɓa ce mini a'a ba. Ku ma haka, ko shirme na kawo sai ku hau gyaɗa kai kamar ƙadangaru."

Wadda take so wata nas ce da ta taɓa aiki da su. Wata rana Inna ta matsa wa wani tsohon direba ya yi ta tafiya har ya faɗi, nas ɗin ta ce a gaban kowa wannan ba jinya ba ce, azaba ce. Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta sake leƙowa ba.

Inna ta dogara sanda har kantin maganin da nas ɗin ke tsaro.

"Haƙuri kika zo ba ni, Inna?"

"Allah ya sawwaƙe. Direban yana yawo da ƙafarsa yanzu. Aiki na kawo miki."

"Ke da ba kya son a musa miki?"

"Har gobe ba na so. Amma in na mutu masu kuɗi za su zo da sharuɗɗansu, masu mulki su zo neman hoto. Wadda ta iya ja da ni za ta ja da su."

Nas ta gama ɗaure wa wata mata magani kafin ta amsa. "To, kujerarki za ta bar ofis. Kuma ba ruwanki da ɗakin motsa jiki."

Inna ta juya da sandarta. "Fitsararriya. Ki zo ranar Litinin."

Kwamiti ya yi ta gunaguni, hedimasta ya ce za a ce Inna ta wulaƙanta jininta. Ta ce a faɗa, kunnenta ya yi nauyi dama. Auta ya ajiye makullin mota, ya daina zuwa gaishe ta. Abin ya ci ta, amma ba ta aika kowa biko ba.

Ranar Litinin ta zauna a baranda. Ta hango ana ɗaga wata tsohuwa ba yadda ta saba ba, ta yunƙura za ta shiga.

"Inna!" nas ta ce daga ciki, ko juyowa ba ta yi ba.

Ta ja tsaki, ta koma ta zauna.